A Buɗe Shi Tukuna

A watan Afrilun 2024 wani mutum ya sayi siririn littafi guda ɗaya a kan dala miliyan 6 a wani gwanjo a Amurka. Littafin labarin zane ne, fitowa ta farko ta mujallar Action Comics ta shekarar 1938, wadda a cikinta Superman ya fara bayyana. Lokacin da ya fito kasuwa santi 10 ake sayar da shi, masu sayensa kuwa yara ne. Shi wannan da ya biya miliyan 6, a cikin akwatin roba mai tauri aka miƙa masa kayansa, an liƙe shi ruf, an manna makin da ke nuna lafiyar littafin a goshinsa. Ranar da ya fasa robar nan don ya ga shafi na biyu, shaidar makin ta tashi aiki. Don haka zai yi wuya ya fasa. Littafin da aka buga don yaro ya kwanta rub da ciki ya karanta har bangonsa ya yage, yau bangon kawai ake kallo.

Labarin nan ya zauna mini a rai domin ni ma makarancin irin waɗannan littattafai ne, mai tara su kuma, na Amurka da na Turai da manga na Japan. Ya ƙara zauna mini saboda wani abu da ya faru tsakanina da yayana. Ɗansa, yaro ɗan shekara 11, ba ya son karatu ko kaɗan. In an ba shi littafi sai ya fara hamma tun a shafin farko. Wata rana ya ga kantata, ya tsaya yana kallo, ya ce, "Baffa, waɗannan ana ara?" Na zaɓar masa ɗaya na ba shi. Kwana biyu ya dawo neman na biyu. Da ya kai na huɗu sai mahaifinsa ya gan shi da shi, ya karɓe, ya kawo mini da hannunsa. Ya ce, "Kai ma dai ka san yaron nan fama muke yi da shi ya yi karatu, sai ka ɗora shi a kan kallon hotuna? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Na ce, "Yaya, ka duba abin da ke ciki?" Ya ce ba ya bukata, ai bangon ya isa.

Wannan kalma ta "bangon ya isa" ita ta haɗa mini mutanen nan biyu wuri guda. Ɗaya ya ce littafin bai kai a ɓata masa lokaci ba, ɗaya ya ce ya kai dala miliyan 6, amma dukkansu a bango suka tsaya. Ra'ayina shi ne duk hukuncin da za a yanke wa littafin zane, na yabo ko na suka, na a ba yaro ko a hana shi, na a adana ko a zubar, ba ya inganta sai an buɗe an karanta. Magana ce mai sauƙin faɗa, amma kusan shekara 80 ke nan ana taka ta.

Mu fara da zargin nan na cewa kallon hotuna ne, ba karatu ba. Wanda ya faɗi haka bai lura da abin da idonsa da ƙwaƙwalwarsa ke yi ba in yana bin shafi. A ɗauki akwati biyu na zane a jere. A na farko ga yaro yana gudu a kan gadar igiya, igiya ɗaya ta fara tsinkewa. A na biyu ba komai sai takalmi ƙafa ɗaya yana yawo a kan ruwa. Tsakaninsu akwai 'yar farar rata da ba ta kai faɗin yatsa ba. Ba wanda ya zana faɗuwar yaron. Ba wanda ya rubuta ta. Mai karatu ne ya jefa shi ruwa da kansa, a cikin ratar nan, shi ya ji ƙarar, shi ya yanke ko yaron ya yi ihu ko bai samu dama ba. A kowane shafi sai ya yi irin wannan aiki sau biyar ko shida. Fim yana tafiya ko kana biye ko ba ka biye. Littafin zane kuwa in ka daina aiki ya tsaya cak.

Bayan wannan ga karatun fuska. Mace ta ce "ba komai" a cikin da'irar magana, amma mai zane ya sa hannunta ya damƙe gefen rigarta. Yaron da ya gane cewa bakinta da hannunta ba abu ɗaya suke faɗa ba, ya koyi abin da malaman adabi ke shan wahalar koya wa manyan ɗalibai: cewa magana tana da ciki da waje. Ga kuma lissafin lokaci. Ƙananan akwatuna a cunkushe suna sa ido gudu, zane ɗaya da ya cinye shafi biyu yana sa mutum ya ja numfashi. Gwanin mai zane ya san inda hannunka zai juya takarda, sai ya ɓoye abin mamakin a bayan juyin. Masu manga sun fi kowa ƙwarewa a kan shiru. Za ka wuce shafi uku ba kalma ko ɗaya, sai ruwan sama a kan rufi, sai ƙofa a buɗe, sai idon tsoho, kuma ka fito ka san an yi rashi a gidan. Ana karanta manga daga dama zuwa hagu, yawancin fassarori ma yanzu haka suke barinsa, kuma na ga yara suna sabawa da wannan cikin minti goma ba tare da kowa ya koya musu ba.

Akwai wani abu da mawallafan Japan ke yi wanda ya nuna sun ɗauki abin a matsayin karatu tun asali. Rubutunsu yana da alamomi masu wuya, sama da 2,000 ne ake son ɗalibi ya sani kafin ya iya karanta jarida. A manga na yara da matasa sukan rubuta ƙananan haruffa masu sauƙi a gefen kowace alama mai wuya don a san yadda ake furta ta. Yaro yana bin labarin da ya ɗauke masa hankali, yana tsintar alamomin da ba a kai ga koya masa a aji ba.

Ba zan ce littafin zane daidai yake da littafin zube ba. Akwai juriyar da ake samu daga bin dogon rubutu wanda ba hoto ko ɗaya, inda kai za ka gina fuska da ɗaki da gari daga kalmomi zalla, kuma yaron da bai taɓa yin wannan ba ya yi asara. Ina son ɗan yayana ya kai can. Abin da nake musu a kai shi ne hanyar. In ka fizge littafin zane daga hannun yaron da bai son karatu, ba littafin zube yake ɗauka ba. Waya yake ɗauka, ya yi ta jan gajerun bidiyo da ɗan yatsa har dare. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi kuwa wanda ya saba zama awa guda shiru da takarda a hannu, yana ɗokin abin da zai faru a gaba, ya riga ya samu abu mafi wuyar samu, wato sanin cewa akwai daɗi a cikin littafi.

Tsoron da yayana ya ji tsoho ne, kuma an taɓa bin sa har ƙarshe an ga inda ya kai. A ƙarshen shekarun 1940 an yi ta tara littattafan zane a harabar wasu makarantu a Amurka ana cinna musu wuta, yara da kansu aka sa suka kwaso. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana cewa su ne ke lalata yara suna jefa su cikin aikata laifi. A shekarar ya tsaya gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawan ƙasar ya maimaita zargin. Ba mugun mutum ba ne, ya kamata a faɗi wannan. Shi ne ya buɗe asibitin da ke duba baƙaƙen fata marasa galihu a unguwar Harlem ta birnin New York lokacin da wasu ba sa kula su, kuma da gaske yake damuwarsa da yara. Amma kamfanonin ɗab'i suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tace littattafai da dokoki masu tsauri: dole mai gaskiya ya yi nasara a kowane labari, ba a nuna ɗan sanda ko alƙali ta yadda za a raina shi, wasu kalmomin ma an hana sa su a sunan littafi. Kamfanoni suka rufe, masu zane da yawa suka bar sana'ar. Abin da ya rage ya zama labarai marasa nauyi, sannan mutane suka dawo suna nuna su suna cewa, kun gani, ai kayan yara ne. Sai a 2011 kamfanonin ƙarshe suka daina sa tambarin hukumar.

Bayan an buɗe takardun Wertham ga masu bincike, wata malamar jami'a mai suna Carol Tilley ta zauna ta gwada abin da yaran suka faɗa masa da abin da ya buga. A 2012 ta fitar da sakamakon: ya canza shekarun wasu, ya haɗa maganar yara daban-daban ya mayar ta bakin mutum ɗaya, ya cire bayanan da ke nuna cewa matsalar yaron daga gida take ko daga talauci. Shekara 58 aka yi kafin wannan ya fito fili. Japan ma ta yi nata a 1955, inda ƙungiyoyin iyaye suka tashi yaƙi da abin da suka kira miyagun littattafai, har ayyukan Osamu Tezuka ba su tsira daga suka ba, mutumin da yau ƙasar ke alfahari da shi a matsayin uban manga na zamani.

Da an yi nasarar kashe wannan fasaha a lokacin, da ba mu samu Keiji Nakazawa ba. Yana ɗan shekara 6 a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945 da aka jefa bam ɗin nukiliya. Mahaifinsa da yayarsa da ƙanensa suka mutu a ranar. Ya girma ya zama mai zane, ya daɗe ba ya son taɓa zancen. A 1966 mahaifiyarsa ta rasu, kuma da aka ƙona gawarta kamar yadda suke yi a can, ya ce bai tarar da ƙashi na kirki ba sai gari, ya kuma ɗora laifin a kan gubar bam ɗin da ta cinye ta tsawon shekara 21. Fushin wannan rana ne ya sa ya ɗauki alƙalami. A 1973 ya fara labarin Gen, yaron da ya tsira daga bam, a cikin mujallar yara maza, kusa da labaran barkwanci da na wasanni. Ya zana mutanen da fatarsu ke zuba, ya zana yunwa, ya kuma zana laifin shugabannin ƙasarsa da suka kai jama'a yaƙi, bai rufa wa kowa asiri ba. Na karanta bayanan tarihi a kan Hiroshima, na san adadin da ake faɗa. Ban san nauyin abin ba sai da na ga akwatin da yaron ke jan katakon da ya danne 'yan gidansu, wuta na matsowa, katakon ya ƙi motsi. Na ajiye littafin na daɗe ban koma ba.

Art Spiegelman ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi, ya zana Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa a siffar kyanwoyi, aikin ya samu kyautar Pulitzer a 1992. Joe Sacco, ɗan jarida ne da ke rahoto da zane, ya shafe wata biyu a yankunan Falasɗinawa a ƙarshen 1991 da farkon 1992, yana shiga gida-gida yana sauraro, ya dawo ya zana laka da cunkoson sansanonin Gaza dalla-dalla ta yadda ido zai yi minti biyar a shafi ɗaya bai gama gani ba. Duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan ya ce kallon hotuna ne, to bai wuce bango ba.

Sai dai in na tsaya nan na yi wa yayana rashin adalci, domin akwai gaskiya a cikin tsoronsa. A cikin manga da littattafan zane akwai ƙazanta, akwai tsiraici, akwai zubar da jini na ba gaira ba dalili, akwai waɗanda ke zana mata kamar kayan talla. Abin da ya fi haɗari shi ne salon zanen yana yaudara. Manyan idanu da fuskar yarinta suna nan a littafin ɗan shekara 8, suna nan kuma a littafin da ko babba zai kawar da kai. A Japan an raba su tun daga mujallar da ta buga su: akwai na yara maza, na yara mata, na samari manya, na manyan mata, kuma fassarori da yawa suna ɗauke da alamar shekaru a bayan bango. Amma alamar nan mutanen wata al'umma ne suka sa ta bisa ma'auninsu, ba lallai ta yi daidai da ma'aunin kowane gida ba. Saboda haka uban da ya ce "duk a kwashe" da uban da ya ce "ai katun ne, ba komai", duk sun yi wa littattafan kuɗin goro, duk kuma sun bar yaron shi kaɗai. Juzu'i ɗaya na manga yawanci shafi kusan 200 ne, babba zai gama shi cikin ƙasa da awa guda. Ban san wani nau'in littafi da ya fi wannan sauƙin dubawa ga iyaye ba. Wanda ya karanta tare da ɗansa zai san abin da zai hana da dalilin hanawa, kuma yaro yakan karɓi hani daga wanda ya ga ya karanta.

Yanzu in juyo kan 'yan uwana masu tarawa, don mu ma muna da namu laifin. Me ya sa littafin 1938 ya yi tsada haka? Saboda ba wanda ya ɗauke shi da daraja. An buga kusan kwafi 200,000 a kan takarda mafi araha, yara suka karanta suka yi musaya suka yaga, iyaye suka share suka zubar, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka yi ta tara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su. Ana kiyasin kwafi kusan 100 ne suka rage a duniya. Ƙarancin nan ne ake saye.

A farkon shekarun 1990 mutane suka ji labarin irin wannan tsada, suka ɗauka kowane sabon littafi haka zai zama. Kamfanoni suka ga kasuwa. A 1991 aka fitar da sabuwar fitowa ta farko ta X-Men da bango iri biyar, don mutum ɗaya ya sayi labari ɗaya sau biyar, aka sayar da sama da kwafi miliyan 8. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman a cikin labari, aka sayar da fitowar a cikin baƙar leda a liƙe, jama'a suka yi layi, wasu suka sayi goma-goma suka ɓoye ba su buɗe ko ɗaya ba. Lissafin bai yi wuyar ganewa ba ga wanda ya tsaya ya yi tunani: abin da mutum miliyan suka adana cikin leda ba zai taɓa yin ƙaranci ba. Da masu neman riba suka gane haka suka janye gaba ɗaya. Shagunan littattafan zane suka yi ta rufewa, a watan Disambar 1996 kamfanin Marvel da kansa, mai buga X-Men, ya je kotu neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan zamani shi ne labaran sun lalace, domin da kamfani ya gane cewa mai saye ba zai buɗe ba, sai ya zuba ƙoƙarinsa a bango mai ƙyalli ya bar ciki fayau. A shekarar 2000 aka kafa kamfanin CGC mai duba lafiyar littafi ya ba shi maki zuwa 10 sannan ya rufe shi a roba. Ga littafin da ya shekara 80, wanda takardarsa ke karyewa in an taɓa, na fahimci dalilin. Amma yanzu har littafin da ya fito watan jiya ana aikawa a liƙe.

Ba tarawa nake suka ba. Shekaru da yawa ɗakunan karatu na gwamnati da na jami'o'i ba su ɗauki waɗannan littattafai abin ajiyewa ba, kuma da ba don mutanen da suka ƙi zubar da nasu ba, da wani babban yanki na tarihin zane ya ɓace. Takarda mai araha tana yin ja, tana bushewa, rana da danshi suna cin ta, don haka wanda ya sa littafinsa a leda mai buɗewa, ya tsayar da shi a inuwa, ya yi abin kirki. Akwai kuma daɗin da ba na jin kunyar faɗa: ka jera juzu'i 30 a kanta, ka ga yadda hannun mai zane ya nuna daga na farko zuwa na ƙarshe, ka tuna shekarar da ka karanta kowanne da halin da kake ciki. Bambancin da nake gani shi ne tsakanin mai adanawa don a sake karantawa da mai ɓoyewa don farashi ya tashi. Na farko yana murna in wani ya tsaya gaban kantarsa. Na biyu gabansa ne ke faɗuwa.

A nan tsarin Japan ya fi burge ni. Mujallar mako-mako irin su Shonen Jump, wadda aka fara a 1968 kuma a tsakiyar shekarun 1990 take buga sama da kwafi miliyan 6 a mako, kauri gare ta kamar bulo, a kan takarda mara kyau, an yi ta ne don a karanta a jirgin ƙasa a wuce. A cikinta akwai katin da masu karatu ke cikewa su faɗi labaran da suka fi so, kuma labarin da ya daɗe a ƙasa ana tsayar da shi. Tsarin yana da zafi, ya kashe labarai masu kyau da ba su samu lokacin nuna ba, amma aƙalla mai karatu ake tambaya. Labarin da ya tsira sai a tattara shi a ƙananan juzu'ai, su ne ake saye a ajiye. One Piece, wanda Eiichiro Oda ya fara a 1997, ya wuce kwafi miliyan 500, kuma darajarsa ba ta zo daga ƙaranci ba, daga yawan hannuwan da suka riƙe shi ta zo. Manga ma a hannun aro ya tashi: bayan yaƙi, lokacin da mutane ba su da kuɗin saye, shagunan haya ne suka riƙe shi, littafi ɗaya ya bi ta hannun yara da yawa. A 2006 aka buɗe gidan tarihin manga a Kyoto, a cikin ginin tsohuwar makarantar firamare. Yana da kayan ajiya kusan 300,000, amma kimanin 50,000 suna jere a bango inda kowa zai miƙa hannu ya zaro, ya fita tsakar gida ya kwanta a ciyawa ya karanta. Masu wuyar samu suna ciki an killace su don bincike. Wannan rabo ya yi mini daidai.

Akwai kuma mutumin da ake mantawa da shi a duk wannan hada-hada, wato wanda ya zana. Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙirƙiro Superman, dala 130 aka ba su a 1938 suka sallama haƙƙinsa gaba ɗaya. Shuster ya tsufa cikin talauci, idonsa ya kusa mutuwa. Sai a 1975, bayan an yi ta surutu a jaridu, kamfanin da ke buga Superman ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara ya kuma mayar da sunansu a kan aikin. A 2012 an yi gwanjon cekin da aka biya su da shi, takardar kawai, a kan dala 160,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Miliyoyin da ke yawo tsakanin masu gwanjo ba sa komawa ga hannun da ya yi zanen.

Mu masu karatu ma ba mu fita ba. Mai zanen manga na mako-mako yana fitar da shafi kusan 20 duk kwana bakwai, shekara da shekaru, da ƙarancin barci, kuma ciwon baya da na hannu sun kwantar da da yawa daga cikinsu. Tezuka ya rasu yana da shekara 60. Kentaro Miura ya rasu a 2021 yana da 54, bai ƙarasa labarin da ya shafe sama da shekara 30 yana zanawa ba. Aikin irin waɗannan mutane ne ake kwafewa a zuba a shafukan satar fasaha na intanet, masu shafin su ci kuɗin talla. Na san uzurin, kuma ba ƙarya ba ne: a wurare da yawa na duniya littattafan ba sa isa, inda suka isa ma sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Ba zan zagi yaron da bai da wata hanya ba. Amma tun 2019 kamfanin Shueisha, mai buga Shonen Jump, ya buɗe manhajar MANGA Plus inda ake karanta sababbin babi kyauta bisa ƙa'ida, don haka uzurin ya ragu. Babba mai abin hannu wanda ya karanta juzu'i 40 na mutum bai taɓa sayen ko ɗaya ba, ya kamata ya ji nauyi.

Ni dai dokar kantata guda ce, duk abin da ke kai ana ara. Na yi asara a kan haka. Akwai juzu'in da ya tafi bai dawo ba, ya bar giɓi a tsakiyar jeri wanda har yau ban cike ba, kuma in na kalli wurin ina jin zafi. Akwai wanda ya dawo da tabon ruwa. Duk da haka ban canza dokar ba.

Da yayana kuwa ba mu gama daidaitawa ba. Na roƙe shi abu ɗaya, na ce, "Yaya, kar ka yarda da ni, ka karanta da kanka, abin da ka ƙi ba zan ba shi ba." Ya karɓa ba da son ransa ba. Har yanzu yana cewa ya fi son ya ga yaron da littafin zube, kuma na ce masa ni ma haka. Ya dawo mini da wani labari ya ce wannan bai dace da ɗan shekara 11 ba, ya buɗe ya nuna mini shafi biyu. Na duba na ga gaskiyarsa, ni da na karanta shi da idon babba ban lura ba, na mayar da shi saman kanta. Wancan na farkon kuma ya bari a ci gaba, bisa sharaɗin kowane juzu'i sai ya bi ta hannunsa kafin ya kai ga yaron. Na bakwai yana wurinsu yanzu. Jiya yaron ya zo ya ce, "Baffa, a ajiye mini na takwas, Baba bai gama da wannan ba tukuna."